Layin da Kowa Ya Tsallake

A rana ta shida ta zaman makokin Reb Getzel Rotman ne Naum Zaslavski ya sa sunansa a takardar.

An manna ta a ƙofar firiji, a ɗakin girkin matar mamacin, da biro a rataye da zare. Layi sittin da uku ne, kowane layi da sunan kashi ɗaya na tsohon kundin hukunce-hukuncen malaman farko. Idan mutum irin Reb Getzel ya rasu, abokai da ɗalibai sukan raba kundin a tsakaninsu, kowa ya karance rabonsa kafin rana ta talatin ta faɗi, a taru a rufe karatun da sunan mamacin. In kashi ɗaya ya rage, kundin bai cika ba.

Naum ya shigo neman ruwan sha ne, ya tarar duk layukan sun cika sai guda ɗaya can wajen ƙasa. Ya daɗe a tsaye. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ya baro Odessa yana ɗan arba'in da biyar, ya yi sauran ƙarfinsa a wani ɗan shago a Balaclava, unguwarsu ta yanzu can kudancin duniya, yana yanka makullai, yana gyaran kwaɗo da hannun tukunya. Bai san baƙin Ibrananci ko ɗaya ba sai shekara huɗu da suka wuce, ranar da wani tsoho da ke kusa da shi a majami'a ya miƙo hannu a hankali, ya juya masa littafin addu'ar da ya riƙe a kife, ya ce masa a kunne, “Muna zama ran Talata a ɗakin baya. Akwai shayi.” Tsohon shi ne Reb Getzel.

Ya ɗauki biron, ya rubuta sunansa da baƙaƙen Ibrananci, daga dama zuwa hagu, harshensa a tsakanin haƙora. Bai taɓa rubuta shi haka a inda mutane za su gani ba.

Washegari da safe, bayan addu'a, Selwyn Katzeff ya tare shi a bakin ƙofar majami'a. Selwyn tsohon likitan haƙori ne daga Johannesburg, mai ƙaton ciki da babbar murya, wanda ya iya Ibrananci tun yana yaro.

“Maƙeri! Zo nan. Kai ne ka ɗauki kashin kayan amfani?”

“Shi ne ya rage.”

“Shi ne ya rage! Ka ji shi fa. Ba ka tambayi kanka abin da ya sa ya rage ba? Duk wanda ya riga ka zuwa firijin nan ya gan shi, ya yi kamar ana kiransa a falo. Babi talatin ne, bawan Allah. Babu mai tsawonsa a kundin duka. Ni nawa babi uku ne, na gama shi jiya ina jiran tiram, jirgin nan na kan titi.”

Zafin watan Janairu, lokacin bazara a ƙasar, ya riga ya fara tasowa daga kwalta. Naum ya lissafa a zuci. Kwana ashirin da uku suka rage.

Rabbi Ullman, matashin malamin majami'ar, ya ji su. Ya ja Naum gefe, ya ce ba komai ba ne, za a soke sunan a raba babukan ga mutum biyar ko shida, ba wanda zai ma sani.

“Da biro na rubuta, Rabbi,” in ji Naum.

“Ai ana soke biro.”

Naum ya dubi ƙasa. Bai iya faɗin cewa matar Reb Getzel tana buɗe firijin nan sau ashirin a rana ba, kuma ba ya son ta ga an ja layi a kan sunan ɗalibin mijinta. Sai ya ce kawai, “Zan gwada.”

A gida matarsa Raya ta ajiye wuƙar yanka kabeji ta dube shi, ta kira shi da sunansa na gida.

“Nyoma, kai da kake cin rabin sa'a a kan takardar maganin hawan jini? Babi talatin?”

“Akwai fassara a gefe.”

“To Allah ya taimaki fassarar.”

Amma ita ce ta nemo masa gilashin ƙara girman rubutu a cikin akwatin ɗinkinta, ta goge shi da gefen rigarta, ta sa masa a aljihu.

Ya fara zama a ɗakin baya kowace safiya bayan addu'a, a kujerar da ya saba, yana fuskantar ta Reb Getzel, wadda babu kowa a kanta yanzu. Fankar sama tana juyawa tana ƙara. Karatun duk a kan abu ɗaya yake: wane kaya ne ke ɗaukar ƙazanta a hukuncin addini, wanne ne ba ya ɗauka, kuma idan abu ya fashe ko ya karye, yaushe ne ya daina zama kaya ya koma tarkace. Yana bin kalmomin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Reb Getzel yana da doka guda a ajinsa: ba a juya shafi sai mutum ya iya maimaita abin da ke ciki da bakinsa, littafi a rufe. A kwana biyu Naum ya yi babi ɗaya da rabi.

A rana ta uku Selwyn ya turo ƙofa, riƙe da kofin shayi biyu.

“Kada ka ɗauka tausayinka nake ji. Matata ce ta ce in na ƙara yini a gida tana ganina, ɗayanmu zai kwana a asibiti. Matsa.”

Selwyn yana karatu kamar jirgin ƙasa, ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi. Ya zuba sakin layi guda cikin numfashi biyu, ya fassara, ya kai hannu zai juya.

“Tsaya,” in ji Naum. “Me ya ce?”

“Ai ka ji. Almakashi ya rabu biyu, wani malami ya ce har yanzu kaya ne.”

“Don me?”

“Ina na sani? Haka aka rubuta.”

Naum ya zaro almakashin da ke cikin aljihun tebur, ya kwance ƙusar tsakiya da gefen tsabar kuɗi, ya miƙa wa Selwyn ɓari ɗaya. Sannan ya ɗauki ɗayan ya kankare bakin fensir da shi har ya yi tsini.

“Ya daina zama almakashi. Bai daina zama wuƙa ba.”

Selwyn ya juya ɓarin a hannunsa. “Shekara sittin ina karanta irin wannan,” ya ce, “ban taɓa zaton mutanen nan sun riƙe almakashi da hannunsu ba.”

Daga nan aikin ya rabu da kansa. Likita yana da kalmomi, Maƙeri yana da kayan. In an zo kan tanda, Naum ya zana ta a bayan ambulan, ya nuna inda wuta ke shiga da inda yumɓu ke fara tsagewa. In an zo kan allurar da ta rasa kafarta, ya ce uwarsa takan ajiye irinta don cire ƙaya. Ya yi mamakin yadda waɗannan malamai, da suka mutu tun kafin a san Odessa, suka san cewa hannun tukunya ta wajen ƙusa yake fara lalacewa. Wani lokaci yakan ji kamar tsofaffin abokan sana'a ne suke gardama a shagon da ke kusa da nasa. Suna yin babi ɗaya a rana, wata rana ɗaya da rabi. Ran Asabar da yamma, bayan an ci an yi barci, sukan ƙara rabi.

Sai suka iso babi na goma sha huɗu, suka ci karo da makulli.

Wani irin makulli ne mai lanƙwasa kamar gwiwa. Idan ya karye a daidai gwiwar, yawancin malaman sun ce ya tashi daga aiki. Ɗaya ya ce a'a, ai ana iya buɗewa da shi daga ciki.

“To, an wuce wurin,” in ji Selwyn. “Juya.”

Naum bai juya ba. Shekara hamsin yana yanka makullai, bai taɓa ganin wanda ya karye ya ƙi buɗewa daga waje amma ya buɗe daga ciki ba.

“Maƙeri, kwana goma sha uku suka rage, da babi goma sha shida bayan wannan. Ka bar makullin mutane.”

“Ba zan iya faɗinsa da bakina ba.”

“Wa zai tambaye ka?”

Naum ya dubi kujerar da ke gabansa. Selwyn ya bi idonsa, ya yi tsaki, ya tattara kofuna.

Kwana uku Naum bai zo ɗakin baya ba. Yana cikin rumfar kwanon da ke bayan gidansa, inda zafi ke narka man shafawa a cikin gwangwani, yana fama da guntun tsohuwar ƙofa da sandar ƙarfe. Raya takan leƙo da ruwan sanyi ta ce, “An ce ka yi karatu, kai kuma ka buɗe masana'anta.” Ya gwada kwaɗo a waje, bai yi ba. Ya gwada a tsakiyar katako, bai yi ba. A rana ta uku, yana goge gumi, ya tuna da ƙofar rumbun kakarsa a ƙauye, wadda ake zura hannu ta wani rami a jawo sakata. Ya huda rami a ƙofar, ya kafa sakatar a baya, can gefe da ramin. Daga waje, dole makulli ya shiga ramin ya lanƙwasa kafin ya kai gare ta. Daga ciki kuwa, sakatar tana gabanka, guntun da ya karye ya ishe ka.

Ran Talata ya ɗauko ƙofar a tiram, mutane suna matsa masa. Ya jingina ta a kan tebur a gaban ajin, mutum goma sha ɗaya, mafi yawansu masu furfura. Bai yi dogon bayani ba. Ya buɗe daga waje da cikakken makulli. Ya cire rabinsa, ya gwada, ya ƙi. Ya zagaya baya, ya buɗe.

Nan take kowa ya so ya gwada da hannunsa. Wata tsohuwar malamar lissafi ta buɗe ta rufe har sau huɗu. Rabbi Ullman ya durƙusa yana leƙen ramin, hularsa ta kusa faɗuwa.

“Na ci jarrabawa a kan wannan babin,” ya ce, “ashe ban taɓa ganin ƙofar ba.”

Selwyn ya jira har aka watse. “Kyakkyawar ƙofa ce,” ya ce. “Ta ci mana kwana uku. Gobe ƙarfe bakwai, kuma kada ka zo mini da tanda a kafaɗa.”

Suka koma yin babi biyu a rana, safe da la'asar. Iska mai zafi ta taso daga arewa ta yi kwana huɗu tana busawa, fanka tana juya ta kawai. Idanun Naum suka yi ja. Akwai ranar da ya raka Raya asibiti a duba mata gwiwa, layi ya cinye musu safiya. Akwai babin da ya zo da ƙananan yadudduka da ma'auninsu, wanda babu ɗayansu da ya san kansa, sai da suka kira Raya a waya ta yi musu bayani tana yi musu dariya. Selwyn ya daina ba'a, wanda hakan ya fi ba Naum tsoro.

Ran Alhamis, rana ta talatin, ƙarfe shida da rabi na yamma suka rufe babi na ashirin da takwas. Ta bangon suna jin ana jan kujeru a babban zaure, ana jera faranti. An kira taro ƙarfe bakwai. Rana za ta faɗi tara saura minti ashirin. Babi ɗaya, a yadda suke yinsa, ba ya kasa sa'a biyu.

Rabbi Ullman ya shigo ya rufe ƙofa a bayansa.

“Reb Naum, saura nawa?”

Bai taɓa kiransa Reb ba, laƙabin da ake girmama mai ilimi da shi. Naum ya ɗaga yatsu biyu.

“Ka bi kalmomin da baki kawai, Dokta Katzeff ya ja ka. Minti ashirin kun gama. A hukunce ya wadatar, ba wanda zai ce ba ka karanta ba.”

“Gaskiya ya faɗa,” in ji Selwyn a hankali. “Rabin mutanen da ke zauren can haka suka yi nasu. Har da wani likitan haƙori.”

Naum ya san gaskiya ne. Ya kuma san in ya yi haka, zai tsaya a gaban matar Reb Getzel a ce ya gama, shi kuwa ya san bai gama ba. In bai yi ba, mutum sittin sun yi nasu a banza saboda taurin kansa da ƙofarsa. Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Sannan ya tashi ya nufi zaure.

Misis Pesia Rotman tana tsaye a bakin dogon tebur, ƙaramar mace cikin baƙar riga, tana gyara jerin kifin gishiri da wata ta riga ta jera. Naum bai taɓa yi mata magana da ta wuce gaisuwa ba.

“Allah ya ba ki tsawon rai, Misis Rotman.”

“Amin, Mista Zaslavski. Kai ne mai ƙofa. An ba ni labari.”

“Ban gama ba. Saura babi biyu. Laifina ne. Na ɗauki abin da ya fi ƙarfina, na kuma ɓata kwana uku. Rabbi ya ce in bi da baki kawai. Na ce sai na faɗa miki tukuna.”

Ta goge yatsunta da tawul, ta dube shi ta saman tabarau.

“Ɗaya fa? Za ka iya ɗaya kafin rana ta faɗi, irin yadda Getzel yake so?”

“In Likita bai tsaya ba da labari ba.”

“Na ƙarshen a kan me yake magana?”

“Kayan gilashi. Kofuna, kwalabe. In sun fashe.”

“Fasasshen gilashi,” ta ce. “Shekara hamsin da biyu na zauna da Getzel. Babu kofin da ya shiga gidana ya fita da ransa. Wa ya fi ni sani? Ba ni shi.”

Naum ya tsaya. Kwana ashirin da uku yana riƙe da kashin nan kamar kayan da aka ba shi ajiya, bai taɓa kawo wa ransa zai miƙa wani yanki ga kowa ba, balle ga ita.

“Shekara hamsin da biyu ina dafa wa masu karatun nan shayi,” ta ce, murya ƙasa-ƙasa. “Ina jin su ta bango, har na san inda za su fara faɗa. Ba wanda ya hana ni, ban dai taɓa zama ba. Da safe na ga takardar nan a firiji, sunan kowa yana kai ban da nawa. Kada ka sa in roƙe ka, ga mutane suna kallo.”

“Na ba ki,” in ji Naum.

Ta juya wajen Rabbi Ullman da ya biyo shi. “Rabbi, ya halatta?”

“Misis Rotman, ko bai halatta ba, wa zai faɗa miki?”

“To ɗauko littafi ka zauna. Da Turanci za ka yi mini, kuma a hankali.”

Aka share musu ƙarshen tebur, aka ture farantin kek. Ita da Rabbi a gefe ɗaya, Naum da Selwyn a ɗaya gefen. Mutane suna ta shigowa suna tambayar abin da ake jira, ana gaya musu, suna neman kujera. Wani tsoho ya kai hannu wajen kifi, matarsa ta buge hannun. Yara suka fita tsakar gida. Raya ta zauna a bayan mijinta da jakarta a cinya.

Babinsa a kan igiyoyi da ƙotoci ne: tsawon ƙotar gatari, ta guduma, igiyar ma'auni, iya inda ake lissafa su a jikin kayan. Selwyn ya karanta, Naum ya auna a hannunsa, taƙi ɗaya, taƙi biyu, ya rufe littafin ya maimaita, su wuce. A wuri ɗaya ya tsaya, goshinsa ya tattare.

“Maƙeri, don girman Allah,” in ji Selwyn, “kada ka ce za ka je ka sassaƙo gatari.”

“A'a. Daidai suka faɗa. In ta fi haka tsawo, tana dukan gwiwar hannu.”

Daga can gefe ana jin muryar Misis Rotman tana gardama da Rabbi a kan kofin da bakinsa ya ɓare. “Wannan ai ba a ba baƙo shi, amma ana zuba gishiri. Rubuta musu haka.” Zauren ya yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta sa tawul ta danne idanunta, ta ce a ci gaba.

Nata gajere ne, ta riga su gamawa. Ta zagayo ta tsaya a kan Naum, hannunta a bayan kujerarsa. Hasken da ke shigowa ta dogayen tagogi ya koma ja, ya hau bango, ya kai saman allon sunayen matattu. Naum ya karanta sakin layi na ƙarshe da kansa, da Ibrananci, yana tuntuɓe, ba wanda ya gyara masa. Ya rufe littafin, ya faɗi abin da ke ciki da bakinsa.

Rabbi Ullman ya dubi agogo. “Saura minti tara,” ya ce. “Kundin ya cika.”

Aka miƙe tsaye. Ɗan Reb Getzel ya ja addu'ar rufewa, zauren ya amsa. Naum ya amsa tare da su. Yana so ya gode wa wani, ya rasa ta inda zai fara: mai ƙaton cikin da ke share hanci a gefensa, ko matar da ke riƙe da kujerarsa, ko ranar bazara da ta yi jinkirin faɗuwa, ko tsohon da bai kunyata shi ba ranar da ya gan shi da littafi a kife. Selwyn ya tura masa ɗan ƙaramin kofin wiski a hannu.

“Sha, kafin ka fara tambayar ko kofin yana ɗaukar ƙazanta.”

Ana cikin ci, Misis Rotman ta zo da kek a naɗe cikin takarda, ta sa a jakar Raya ba tare da ta tambaye ta ba. Sannan ta juyo.

“Mista Zaslavski, ƙofar bayan gidana ba ta rufuwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun ranar da Getzel ya gyara ta. Kujera nake jingina mata.”

“Ran Lahadi,” in ji Naum. “Bayan ƙarfe goma.”

“Ka zo da matarka. Likitan kuma ka bar shi a gida, ba ni da abincin da zai ishe shi.”